Ƙaho na Uku Daga Hagu

Shafi na 14

Ku da kuka cika mini waya da saƙonni tun jiya, har wata tana cewa in ban ci gaba ba za ta biyo ni Texas da muciya, to ga ni. Yatsun tsoho ne, ba sa sauri.

Kun tuna inda muka tsaya. Juma'a ce, ranar da ake kiran 'yan ajin ƙarshe na ƙwallo da na badujala ɗaya bayan ɗaya a tsakiyar filin ƙwallo, iyaye su raka su, gari ya yi musu tafi. 'Yata Charlene, wadda aikin asibiti ya hana ta ganin wasa ko ɗaya a bana, ta samu wata ta karɓar mata aiki. Jikata Lenora, da muke kira Nory, ita ce mai busa ƙaton ƙahon nan na badujalar makaranta, wanda mutum ke zura jikinsa a ciki, bakinsa ya leƙo ta saman kai kamar bahon wanka. Ni kuwa Emil, ni ne mai ɗaukar bidiyo. Kowace Juma'a ina can saman benci da wayata, in ɗauko ta, in tura wa uwarta.

Muna kicin da la'asar, furen ƙirjin Nory, ƙaton adon nan da 'yan mata ke ratayawa a irin wannan rana, shimfiɗe a kan tebur daga wannan baki zuwa wancan. Fari da ruwan azurfa, irin na 'yan ajin ƙarshe, zirin ribon har ƙasa. Charlene tana riƙe da bindigar gam kamar mai shirin yin tiyata.

Ta ce, "Baba, cire wannan."

"Wanne?"

"Ƙararrawar saniya. 'Yata ce fa, ba karsana ba."

"Na sauran yaran duk ƙyal-ƙyal suke yi. Nata kaɗai zai yi magana da babbar murya. Ai mai babban ƙaho ce."

"Cire, Baba."

Na yi kamar na cire, na tura ta ƙarƙashin ribon.

Charlene sai rawar jiki take yi. Ta yi gyaran gashi, ta sa jan-baki, rabon da in gan ta da jan-baki tun bikin ɗan ƙanwata. Ta ajiye bindigar ta ce, "Haɗa mini wayarka da talabijin. Kullum a ɗan lokacin hutu nake kallo, kowa ƙanƙani kamar tururuwa. Ina so in gan ta da kyau kafin mu tafi."

Abin da nake jira ke nan. Na kunna na makon jiya, wanda ya fi kyau.

Ga su nan sun jeru, farar hula da gashin tsuntsu a kai. Ƙahonin na can baya, duk suka juya bakinsu lokaci ɗaya kamar gonar furen rana da aka kira sunanta. Ni dai duk lokacin da na ga haka sai in ji kamar filin zai ɗaga sama da su gaba ɗaya, ya tafi ta kan tankin ruwan gari, suna busawa.

"Ga ta nan," na ce. "Ta uku daga hagu. Dubi taku. Dubi kafaɗa. Kin ga yadda ta cika? Kolace ne, burodin nan mai zaƙi da nake sayo mata."

Daga cikin talabijin aka ji muryata tana ihu, "'Yar lelena, nuna musu!"

Charlene ta yi dariya. Sai dariyar ta tsaya. Ta karɓi wayar, ta tsayar da hoton, ta buɗa shi da yatsu biyu har fuskar ta cika bango.

"Baba, ina tabaranka?"

"Yana mota."

"Tun yaushe?"

"Tun wajen damina."

"Wannan yana da gashin-baki."

Na matsa kusa. "Inuwar hula ce."

"Inuwar hula ba ta da saje, Baba."

Ta kunna na makon da ya gabata. Gashin-baki. Na kafin shi. Gashin-baki. A wani ma ya ɗago hannu yana gaishe ni, hannun kamar faranti.

Muna cikin haka aka buɗe ƙofar baya. Nory ta shigo, jakar makaranta ta ranƙwafar da ita kamar mai ɗauke da buhun siminti. Ta dubi furen a tebur. Ta dubi talabijin. Jakar ta zame daga kafaɗarta ta bugi ƙasa, har kofuna suka amsa.

Charlene ta nuna bangon da wayar. "Lenora, wane ne wannan?"

In ta kira ta da cikakken suna, ni ma gyara zama nake yi.

"Rigo Salinas ne, Mama."

"Me Rigo Salinas yake yi a wurinki?"

"Wurinsa ne yanzu."

"Tun yaushe?"

"Tun mako na biyu da komawa makaranta."

Gam yana ɗiga a kan tebur ba wanda ya kula.

Na ce, "To wa nake yi wa ihu duk wannan lokacin?"

"Rigo, Kaka. Ya ce akwai wani tsoho da ke kiransa 'yar lelena. Da farko yana jin kunya, daga baya ya saba. Ya ce in ba ka yi ba ma ba ya jin daɗin busa."

"Yaro mai tarbiyya," na ce.

"Baba, don Allah." Charlene ba ta ko dube ni ba. "Jakar kayan faretin da kike fita da ita kowace Juma'a fa?"

"Littattafai ne a ciki."

"Ina kike zuwa?"

"Ɗakin karatu na gari. Muna bita."

"Makaranta ba ta sanar da ni ba?"

"Na cika sha takwas, Mama. Ni na sa hannu."

"Yau fa? Da haka za ki bar ni in tsaya a bakin fili da jan-baki, a kira kowa a gama ba a kira mu ba?"

"Yau na zo in faɗa miki. Tun a mota nake shirya maganar."

"To faɗa. Ina jin ki."

Nory ta ja kujera ta zauna. Ta ture ribon ɗin gefe, ƙararrawar saniyar ta yi ƙara ɗaya daga maɓoyarta, ba wanda ya yi dariya.

"Kin san babbar jami'ar jiha. Duk wanda ya fito a sahun gaba na ajinsu, ba sa tambayarsa komai, ɗaukarsa suke yi. A makarantarmu bana layin ya tsaya a mutum ashirin da biyu."

"Na sani. Kina kusa."

"Ina ta ashirin da biyar lokacin. Kuma ba gaba nake yi ba, baya nake yi."

"Ta yaya? Ba ki taɓa faɗuwa komai ba."

"Manyan darussa, irin na matakin jami'a, in ka cinye su maki biyar ake rubuta maka. Badujala kuwa ƙaramin darasi ne a wurinsu. Ko ka busa har mala'iku su leƙo, huɗu ne. In aka haɗa aka raba, huɗun nan sai ya jawo ka ƙasa."

Na ɗaga hannu kamar ɗan aji. Ni a aji takwas na tsaya, auduga ta kira ni, amma ina son in fahimci abu.

"Tsaya. Kin ci badujala duka?"

"Duka, Kaka."

"Ba kuskure ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

"Sai aka rage miki?"

"Haka lissafin yake."

"Wanda bai iya busa komai ba fa?"

"Shi ya wuce ni. Akwai wanda ya bar awar nan babu darasi, yana barci a mota, shi ma ya wuce ni."

Na jima ina juya wannan a kaina. Na taɓa ganin ɗan maraƙi mai kai biyu a kasuwar baje koli, na taɓa ganin ruwan sama ya sauka a rabin titi ya bar rabi, amma wannan ya fi su.

"Sai na cire badujala," in ji Nory, "na sa babban darasin sinadarai a awar."

Charlene ta dafa tebur. "Amma mun yi maganar nan. Shiga jami'ar daban, samun sashen injiniya daban. Su suna duba komai. Suna so su ga ba littafi kaɗai kika sani ba. Shi ya sa na ce ki riƙe duka biyun."

"Na riƙe, Mama. Shekara uku ina riƙe."

"To me ya canza?"

"Ni na canza. Kafin gari ya waye muna filin ajiye motoci muna taku. Daga nan manyan darussa biyar. A tashi, a koma taku. Laraba muhawara, don kin ce suna son mai iya magana. Asabar rabon abinci a coci, don kin ce suna son mai taimako. Kin ce in zama shugabar wani abu, na kafa ƙungiyar kallon taurari, mu huɗu ne, biyu ba sa zuwa."

"Ni ina zuwa," na ce.

"Kai ba ɗalibi ba ne, Kaka, ba a ƙirga ka." Ta juya ga uwarta. "Ran nan a tsaye na yi barci a banɗaki, ruwa na zuba a kaina. Sanyin ruwan ne ya tashe ni."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Kina dawowa ƙafafunki a kumbure, ki zauna ki kalli bidiyon Kaka kina murmushi. Ta ina zan fara?"

"Ban taɓa cewa ki bar ƙaho ba, Nory."

"Ba ki taɓa cewa in bar komai ba, Mama. Matsalar ke nan."

Charlene ta sunkuya kan tebur. Ta ɗauki tsumma ta shiga goge gam ɗin da ya riga ya daskare.

Na ce, "Ba kya kewarsa?"

Nory ta harare ni, idonta ya ciko. "Daga ɗakin karatu ana jin gangunan, Kaka. In iska ta juyo har ƙahonin ake ji. Rigo yana saurin shiga a waƙa ta biyu, kullum. Ina zaune ina lissafin sinadarai, ƙafata tana taku a ƙarƙashin tebur."

Sai muka ji mota ta tsaya a ƙofar gida, an ja birki da ƙarfi.

Na leƙa ta taga. A-kori-kura ce, a bayanta wani abu yana walƙiya har yana kashe ido. Bakin ƙaho ne, an ɗaure shi da igiya yana kallon gidanmu kamar ya zo biko. Gajeren mutum ya fito, usur a wuya, ƙeyarsa ja saboda rana. Malam Ybarra, shugaban badujalar.

Bai jira an gama buɗe ƙofa ba.

"Madam Charlene, ki yi haƙuri da shigowa haka. Sannu, Baba Emil. Ina Lenora?"

"Ga ta nan, Malam," in ji Charlene. "Yau nake jin labari."

Ya dubi fuskar da ke talabijin, ya dubi furen, ya cire hularsa. "Ashe ban zo a sa'a ba."

"Ka zo daidai. Zauna."

"Ba zama, Madam. Rigo ya faɗi jarrabawar tarihi. Ɗazu sakamako ya fito."

Kun san dokar jiharmu: wanda ya faɗi darasi ɗaya ba ya taka fili, ko ɗan ƙwallo ne ko mai ganga, har sai ya gyara.

"Ayya, 'yar lelena," na ce, ban san ta fito ba.

Malam Ybarra ya juya ga Nory. "Na yau ba ya damuna, ko da giɓi a layi za mu yi. Gobe ce gasar yanki. Shekara huɗu muna neman mu haye. Alƙalai suna can sama, giɓi ɗaya a layin ƙaho kamar wawulo ne a bakin amarya, shi za su fara gani. Ba wanda ya san takun wurin nan sai ke da Rigo. Ke kika koya masa ma."

"Malam..."

"Na ce wa kaina a hanya ba zan roƙe ki ba. Ƙarya nake yi. Roƙo na zo."

Charlene ta yi caraf. "To ta yi muku yau da gobe mana, Litinin ta koma sinadaranta. Shi ke nan, kowa ya samu."

Ya girgiza kai. "Da haka ne da ban yi gumi ba. Ba mai shiga gasa sai wanda yake ɗan ajin badujala. Sai ta dawo ajin, kuma awarsu ɗaya da sinadarai. In ta dawo, ta dawo ke nan har ƙarshen zango. Na yi magana da Madam Pruitt mai tsara darussa, ta ce za ta zauna a ofis har a fara wasa. In an busa usur za ta kulle ta tafi."

"Amma ai dole akwai yadda za a yi ta haɗa du..."

Charlene ta tsaya a tsakiyar kalmar. Ta dubi 'yarta. Ta sa hannu ta rufe bakinta, jan-bakin ya shafu a tafinta.

"Na yi shiru," ta ce. "Wallahi na yi shiru. Ke za ki faɗa."

Duk muka zuba wa Nory ido. Ita kuwa taga take kallo, inda ƙahon ke walƙiya.

Ta miƙe. "Kaka, ina makullinka?"

"Ga motarki can."

"Ba zan iya tuƙi yanzu ba. Kai za ka tuƙa. Kuma ka sa tabaranka."

Muka fita. Malam Ybarra ya biyo mu a baya da ƙahonsa, Charlene ta tsaya a bakin ƙofa da tsumma a hannu.

Da na sa tabaran sai na ga ashe an yi wa gidan maƙwabcinmu sabon fenti, ashe kuma bishiyoyin layinmu suna da ganye ɗai-ɗai. Zuciyata sai bugawa take yi kamar ni za a ba ƙahon.

"Ina muka nufa, ranki ya daɗe?"

"Tuƙa dai. In mun kai mararraba zan gaya maka."

Mararrabar gidan mai ke nan. Hagu makaranta, dama ɗakin karatu. Muka tarar da danja ta yi ja. Baƙaƙen tsuntsayen nan masu surutu sun cika wayoyin lantarki kamar yadda suke yi kowace yamma, kowa na neman wayar sama. In ɗaya ya sauka sai na gefe ya faɗo.

"Kaka, akwai abin da ban faɗa a gida ba."

"Wani mai gashin-bakin kuma?"

"Madam Pruitt ta kira ni yau da safe. Na shiga layi. Ni ce ta ashirin da biyu."

Na daki sitiyari, hon ya yi ƙara, tsuntsaye suka watse. "Kin shiga! Yarinya, kin shiga jami'a! Me ya sa ba ki gaya wa uwarki ba? Bari in juya."

"Kar ka juya. In na koma badujala zan faɗo. Ba wataƙila ba, na yi lissafin."

"To ki bar Ybarra da giɓinsa. Zan saya masa kolace."

"Ka tambaye ni wa na ture."

Na ce, "Wa kika ture?"

"Thuy," ta ce.

Thuy Pham ƙawarta ce tun suna 'yan firamare. A gidanmu ta fara cin gasasshen nama, a gidansu Nory ta koyi cin abinci da tsinke. Ita ce ta ba Nory shawarar ɗaukar sinadarai, ita ce kuma take koya mata kowace Juma'a.

"Ta sani?"

"Ta san ta faɗo. Ba ta san ni ce ba. Tana can yanzu tana jira na, ta ce ta haɗo mini tambayoyin jarrabawar Litinin." Ta share hanci da bayan hannu. "Kai da kai ne, ya za ka yi?"

"Ni? Ni fa mutum ne da ya ce a sa wa fure ƙararrawar saniya. Kar ki bi tawa."

Ta yi wata 'yar dariya mai haɗe da kuka.

Danja ta yi kore. Na baya ya danna hon. A madubi ina ganin Malam Ybarra ya riga ya sa siginar hagu, ya leƙo da kai ta taga.

"Dama, Kaka."

"Dama? Ƙahon fa? Madam Pruitt fa?"

"Ba karatu za ni ba. Ko me zan yi, sai na fara gaya wa Thuy da bakina. Yi sauri."

Na karya kan mota dama, tayoyi suka yi kuka, rabon da in yi irin wannan kwana tun ina saurayi. Malam Ybarra ya yi ɗan jim a tsakiyar mararraba da siginarsa ta hagu, sannan ya biyo mu, ƙahon yana tangaɗi a baya. Can wajen makaranta an fara gwada ganguna.

Ba mu kai ga shiga ɗakin karatun ba.

Thuy tana tsaye a bakin matakala, ba jaka, ba littafi, hannuwanta a naɗe a ƙirji. Ta ga motata ta taho kai tsaye, ba ta ko jira na gama tsayawa ba. Ta zagayo ta gefen Nory. Idonta jawur.

Ta ƙwanƙwasa gilashin da yatsa ɗaya.

"Sauke gilas," ta ce, "'yar ashirin da biyu."